Ciwo a Ƙafa, Tushensa a Kwankwaso

 

Yau da labarin wani abokina zan fara. Ya ba ni izini, sai dai zan sakaya sunansa. Akawu ne a wani ofis a Kano, ya haura shekara 40 da kaɗan. Daga Litinin zuwa Juma'a, ƙarfe takwas na safe yana kan kujera, ba ya tashi sai an kira Azahar, abincinsa ma a kan teburin ake kawo masa. In an tashi aiki ya shiga mota, ya sha cunkoso kafin ya kai gida, can ma ya kishingiɗa da waya a hannu har barci ya ɗauke shi. To amma ranar Asabar wani mutum ne daban. Yana idar da sallar Asuba sai ya zura takalmin ƙwallo ya nufi fili, inda shi da tsararrakinsa ke buga abin da suke kira wasan dattijai. Ya ce da ya ga ƙwallo sai shekarunsa su ɓace masa, ya koma ɗan lamba bakwai ɗin nan da makarantarsu ke ji da shi.

Wata Asabar ya murɗa jiki zai yi bugu, sai ya ji wani abu ya soke shi a kwankwaso. Ya cije ya ƙarasa wasan. Washegari da sassafe ya sunkuya zai matsar da janareta, nan take abin ya tsarga masa daga mazauni, ya bi bayan cinya, ya sauka sharaɓa har gefen ƙafa, kamar wutar lantarki ta ja shi. In ya yi tari, zugi. In ya yi atishawa, sai ya kama bango. Zama ya gagara, ruku'u ya gagara.

Sai aka shiga nema. Wannan ya ce sanyin ƙashi ne, wancan ya ce jijiya ce ta hau jijiya, wata gwaggonsa ta ce a'a, tsallaka wani abu ya yi. Aka shafa man zafi a cinya, aka yi ƙaho a sharaɓa, aka kira mai tausa ya murza ƙafar har ta kumbura. Sati uku ana fama da ƙafa. Ranar da ya je asibiti, likita ya kwantar da shi rigingine, ya ɗaga ƙafar a miƙe sannu a hankali, kafin a kai rabin hanya ya yi ƙara. Likitan ya ce masa, "Malam, ƙafarka lafiyarta ƙalau. An bar jaki ne ana dukan taiki. Matsalar tana bayanka."

Wannan ciwo shi likitoci ke kira sayatika. Malamanmu da suka karanci littattafan ɗibbu na Larabci sun san shi da sunan irƙun nasa, don haka ba baƙo ba ne a duniya. Sunan ya samo asali daga wata jijiya, wadda ita ce mafi tsawo da kauri a jikin ɗan'adam. Saiwoyi biyar ne suka fito daga ƙasan ƙashin baya suka haɗu suka zama ita. A inda ta fi kauri ta kai babban yatsan hannu. Tana ratsawa ta cikin mazauni, ta gangara ta bayan cinya, kafin ta kai bayan gwiwa ta rabu biyu, rassanta su tafi har tafin ƙafa da yatsu. Ita ke kai umarni ga tsokokin ƙafa, ita ke dawo da labarin abin da ƙafar ta ji.

Ku ɗauke ta kamar wayar wuta da ta taso daga falwaya ta shiga gida. In wayar ta sami matsala a kan falwaya, ƙwan da ke ɗakinka ne zai riƙa ƙiftawa. Ka canza ƙwai goma, ba abin da zai sauya. Haka in aka matse saiwar jijiyar nan a baya, a ƙafa mutum zai ji zugin, ko ya ji minjirya, ko wani gefe ya sage kamar ba nasa ba. Yawanci ƙafa ɗaya ce, kuma ciwon ƙafar ya kan fi na bayan tsanani.

To me ke matse ta? Ƙasusuwan baya a jere suke, ɗaya a kan ɗaya, biyar daga cikinsu a kwankwaso. Tsakanin kowane biyu Allah ya sanya wani faifai na guringuntsi da ke aikin gammo. Gefensa mai tauri ne, tsakiyarsa mai laushi, kamar makilin a cikin mazubinsa. In gefen ya tsage, sai na cikin ya ɓullo ya taɓa saiwar jijiyar, ya danne ta, ya kuma sa ta kumbura. Kusan kashi 90 cikin 100 na masu sayatika daga nan nasu yake, kuma mafi yawa a faifai biyu na can ƙasa, waɗanda nauyin jiki ya fi sauka a kansu. Likitoci biyu a birnin Boston na Amurka, Mixter da Barr, su suka tabbatar da wannan alaƙa a 1934. Abin ya fi kama mutane tsakanin shekara 30 zuwa 50, wato daidai lokacin da mutum ke ganiyar aiki, yana kuma ganin da sauransa a fili.

Akwai wasu dalilan. A wajen dattawa, hanyar da jijiyoyin ke bi ta kan ƙuntace saboda tsufan ƙashi, sai mutum ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi in ya yi 'yar tafiya, in ya zauna ko ya sunkuya ya sami sauƙi. Akwai wata tsoka a cikin mazauni da kan ɗaure ta shaƙe jijiyar. Mai juna biyu ma kan gamu da shi. Sannan akwai wanda ya shafe mu ƙwarai a nan: allurar da ake yi a mazauni ba bisa ƙa'ida ba. In wanda bai ƙware ba ya soka allura a tsakiya ko ƙasa, maimakon sama ta gefen waje, yana iya samun jijiyar kanta. Yara da dama sun tashi suna jan ƙafa ta wannan hanya.

Mu dawo kan ma'aikacin ofis. Faifan nan ba shi da wadatar hanyoyin jini a cikinsa. Abincinsa da ruwansa ta motsi yake samu: ka taka ya matse, ka ɗaga ya tsotso, kamar soso. Wanda ya yini a zaune ya rage masa wannan. Ga shi kuma zaman da yawancinmu ke yi, a ranƙwafe, wuya a gaba, ido a kan kwamfuta ko waya, yana tura tsakiyar faifan baya, wajen da jijiyar take. A lokaci guda tsokokin ciki da na mazaunai, waɗanda su ne majinginar ƙashin baya, suna ta yin laushi don ba a ba su aiki. Teɓa ta fito ta ƙara kaya. In mutum na shan taba, faifan ya fi saurin lalacewa. Kuma wannan bai tsaya ga mai tebur da kwamfuta ba. Tela da ke kan keke tun safe, direban doguwar tafiya, mai Adaidaita Sahu da ke shan girgiza da ramuka, yaron da ke zaune a rumfar cirar kuɗi, duk jirgi ɗaya ya kwaso su.

Haka jiki zai yi kwana biyar, sai ranar Asabar a ce masa ya yi gudu, ya yi tsalle, ya murɗe, ya yi birki nan take. Kuma da sassafe. Wannan lokaci yana da muhimmanci. In mutum ya kwana a kwance, faifan kan sha ruwa ya cika, shi ya sa kowannenmu ya fi tsawo da kusan santimita ɗaya da safe fiye da yamma. Cikakken faifai kuwa bai son a lanƙwasa shi da ƙarfi. Sunkuyo da murɗawa tare da kaya, a sa'ar farko bayan tashi daga barci, shi ne mafi haɗari gare shi. Ku tuna abokina: ƙwallo bayan Asuba, janareta washegari da sassafe. Kujera ce ta ɗana tarkon, fili ya taka shi, janareta ya ƙarasa.

Kada wani ya ce na hana ƙwallon Asabar. Ko kusa. Wani bincike da aka buga a 2017, kan mutane sama da 60,000 a Ingila da Sikotilan, ya nuna masu motsa jiki sau ɗaya ko biyu a mako sun fi waɗanda ba sa yi sam tsira daga mutuwar wuri. Ƙwallon Asabar alheri ne. Abin gyara shi ne kwana biyar ɗin da suka gabace ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yanzu ga labari mai daɗi, kuma shi na fi so ku riƙe. Mafi yawan masu wannan ciwo suna warkewa ba tare da tiyata ba, cikin sati shida zuwa wata uku. Abin da ya ɓullo daga faifan, jiki da kansa yake tsotse shi a hankali a mafi yawan lokuta, kumburin ya sauka, jijiyar ta huta. Aikin mara lafiya shi ne ya taimaki jikinsa, kada ya ƙara masa wata wahalar.

Taimako na farko, kada ka mayar da gado gida. Da ana cewa a kwanta sati biyu a kan tabarma ko katako. Yanzu an gane doguwar kwanciya ba ta gaggauta warkewa, tsoka kawai take kashewa. In zafin ya yi tsanani, ka huta kwana ɗaya ko biyu, sannan ka tashi. Ka taka a tsakar gida, minti biyar, minti goma, gobe ka ƙara. In za ka kwanta, ka yi ta gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, ko rigingine da matashi a ƙarƙashinsu. Gashi da tsumma mai ɗumi a kwankwaso yana sassauta tsoka. Salla kuwa addini ya sauƙaƙa, wanda ruku'u da sujada suka gagare shi ya yi a zaune har ya sami sauƙi.

Ga wani ma'auni da ma'aikatan sashen gashin ƙashi ke koya wa marasa lafiya. Duk motsin da ka yi, ka lura da inda ciwon ya nufa. In yana janyewa daga ƙafa yana komawa kwankwaso, kana kan hanya, ko da bayan ya ɗan ƙara tsami. In kuwa yana ƙara gangarawa ƙasa zuwa yatsu, ka dakata, wannan motsin bai karɓe ka ba. Shi ya sa atisayen da ya yi wa maƙwabcinka amfani zai iya cutar da kai. Ka bari wanda ya karanci abin ya duba ka ya zaɓa maka.

Sai maganar magani, a nan ne muka fi yin ɓarna. Irin su ibufurofen da dikulofenak suna rage zafi da kumburi, amma na ɗan lokaci ake shan su, bayan an ci abinci. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai hawan jini da mai juna biyu kada su kusance su sai da izinin likita. Haɗin nan da ake ƙullawa a leda a wasu kemis, ƙwaya biyar ko shida da ba ka san sunan ko ɗaya ba, sau da yawa akwai masu rage zafi iri biyu a ciki, a ƙara da sinadarin da ke kumbura fuska ya tayar da sukari. Ka ji garau yau, wata shida ka koma asibiti da ciki ko ƙoda. Taramol kuwa kowa a Arewa ya san gidajen da ya rusa, kuma da yawa daga ciwon jiki suka fara. Akwai kuma firegabalin, wanda ake yawan rubutawa don ciwon jijiya. A 2017 masu bincike a Ostireliya suka gwada shi a kan mutum 209 masu sayatika, suka tarar bai fi ƙwayar da ba magani a cikinta ba, sai ma jiri da ya ƙara wa masu shan sa. A 2020 hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce a daina ba da shi don wannan ciwo. In likitanka ya riga ya ɗora ka a kai, kada ka yanke shi kai tsaye, ka koma ku tattauna.

Mutanenmu kuma suna son hoto. In ba a yi hoto ba, gani suke ba a duba su ba. To ku sani hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai, ba ya nuna jijiya. Wanda ke nunawa shi ne MRI, ga tsada, kuma a makonnin farko ba kasafai yake canza maganin da za a ba ka ba. Yana ma iya tayar da hankali a banza. A 1994 an yi wa mutum 98 da ba sa jin ciwon baya ko kaɗan wannan hoto a Amurka, sai aka ga fiye da rabinsu suna da faifan da ya turo. Lafiyarsu ƙalau, suna harkokinsu. Saboda haka in aka miƙa maka takarda aka ce faifanka ya turo, ba hukuncin zaman gida aka yanke maka ba. Mutum ake yi wa magani, ba hoto ba.

Tiyata fa? Nan ma tsoro ya yi mana yawa, ana cewa duk wanda aka taɓa wa ƙashin baya ya gama tafiya. Ba haka ba ne. A ƙasar Holan an raba mutum 283 gida biyu, wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka ci gaba da jinya, sai wanda abin ya ƙi aka yi masa daga baya. Sakamakon da aka buga a 2007 ya nuna waɗanda aka yi wa aiki da wuri sun fi saurin rabuwa da ciwon ƙafa, amma bayan shekara ɗaya kusan kashi 95 cikin 100 na kowane ɓangare sun warke. Ma'ana, tiyata tana da gurbinta: wanda ya yi wata biyu ko uku zafin ya ƙi sauka, ya hana shi aiki da barci, ko wanda ƙafarsa ke rasa ƙarfi. Shahararren ɗan wasan golf Tiger Woods an yi masa aikin baya har sau huɗu tsakanin 2014 da 2017, ya dawo ya ci babbar gasar Masters a 2019.

Yanzu jama'a, duk wanda ke wani aiki ya ɗan dakata, don abin da zan faɗa ba ya jiran gobe. Akwai alamomin da in sun bayyana, haƙuri ya ƙare, sai asibiti a ranar. In fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka. In tsakanin cinyoyi da wajen zama suka sage, ka yi tsarki ba ka ji. In ƙafafu biyu suka kama a tare, ko ƙafa ta fara ja, takalmi yana zamewa, ba ka iya ɗaga yatsu sama. Waɗannan suna nuna an danne tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da lalura har abada. Haka nan in ciwon baya ya zo da zazzaɓi, gumin dare da rama, a bincika, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya, kuma cutar tana nan a cikinmu. Wanda ya taɓa fama da ciwon daji, ko wanda ciwonsa ya biyo bayan haɗari ko faɗuwa, shi ma kada ya tsaya gida. Asibitin Ƙashi na Dala, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika da takwarorinsu suna da likitocin wannan fanni. Ɗori sana'a ce da muke girmamawa, amma a nan ba abin da ya karye balle a ɗora, kuma taka bayan mai wannan ciwo da sunan tausa ganganci ne.

Abokina ya warke a cikin sati tara, ba a yanka shi ba. Na tambaye shi me ya canza. Ya ce kowane rabin awa yana miƙewa, ko da zuwa teburin abokin aiki ne maimakon ya kira shi a waya. Ya naɗe tawul ya sa a kwankwasonsa, ya ɗora kwamfutarsa a kan manyan littattafai ta daidaita da idonsa, ya cire walat daga aljihun baya. Sau uku a mako yana tattaki na rabin awa bayan La'asar, yana kuma yin atisayen ciki da na mazaunai da aka koya masa. In zai ɗauki jarkar ruwa ko buhu, sai ya durƙusa da gwiwa, ya jawo kayan jikinsa, ya miƙe ba tare da murɗawa ba, in ya yi nauyi ya kira yara su kama masa. Ranar Asabar kuma ba ya taɓa ƙwallo sai ya yi sassarfa da ɗumama jiki na minti 15. Ya ce abokan wasa suna masa tsiya, wai Alhaji ya tsufa. Ya ce musu gara tsiyarku da bangon da na riƙa kamawa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya a 2020, kuma shi ne kan gaba wajen nakasa mutane a duniya. Ita ce kuma ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. In ka raba, rabin awa ne a kwana biyar, daidai kwanakin da muke kan kujera. Shugabannin ma'aikatu su ma su duba: kujera mai kyau da 'yan mintunan miƙewa sun fi arha a kan ma'aikacin da zai yi wata biyu a gida.

Don haka kai da ke saurarena a ofis, ko a shago, ko a bayan sitiyari, in ka kai awa guda a zaune, ka sami wuri ka miƙe ka taka. In ciwon ya riga ya zo, ka yi haƙuri, ka ci gaba da motsi, ka guji haɗin leda da allurar gida. In kuwa ka ga ɗaya daga alamomin da na lissafa, kada ka kwana sai a asibiti.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya mai amfani.